Dutsen da Na Ɗauko wa Iya daga Damargu

Wanda bai zauna ƙasarmu ba ba zai san darajar dutse ba. Daga Sule Tankarkar zuwa Maigatari, ka gangara Gumel ka ɓulla Gagarawa, yashi ne da jigawa, sai ƙaya da kuka. Yaro yakan girma har ya yi gemu bai taɓa jifan tsuntsu da dutse ba, sai da hoge. Dutsen niƙa daga nesa ake kawo shi a kan takarkari, kuma uwa ce ke bar wa 'yarta gado. Murhu kuwa da gutsuren suri mata ke kafa shi, in ruwa ya narkar da shi a shiga daji a saro wani. Na fara da wannan ne don kada kowa ya ga laifin mai ɗakina idan mun zo kan abin da ta yi.

Mahaifiyata, wadda muke kira Iya, ba 'yar ƙasar ba ce. Mahara ne suka ɗauko ta daga arewa tana 'yar ƙanƙanuwa, ko famfara ba ta gama ba, aka yi ta wucewa da ita daga hannu zuwa hannu har ta faɗo wani gida a Gumel. A nan ta girma, a nan mahaifina ya gan ta, ya fanshe ta ya aure ta, ya kawo ta ƙauyenmu, tafiyar rabin yini daga Maigatari. Cikin 'ya'yan da ta haifa ni kaɗai na rayu. Ba ta san sunan garinsu ba. Fuskar ubanta ta ɓace mata, yawan 'yan'uwanta ya ɓace mata, har sunan matar da ta haife ta.

Abu ɗaya ya rage mata. Ta ce a bayan gidansu akwai wani tudu, a gindinsa kuma akwai katantanwa ta dutse, a naɗe kamar gammo, wata ta kai tafin hannu, wata ta kai faifai, suna zube ba mai kula su. Ta ce da su suke wasa. Irin wasan ma ta mance, ta dai san da su suke yi. To, wa zai yarda da wannan a garin da ko tsakuwa sai an tona? Mata sukan saurare ta a bakin rijiya suna ƙifta wa juna ido. Akwai wani tsoho maƙwabcinmu, abokin wasan mahaifina, duk sanda ya gamu da ita a hanyar gona sai ya tambaye ta ko katantanwar garinsu ta soma tafiya, ko har yanzu ruwa take jira. Iya takan yi dariya tare da su. Ni ne ba na dariya. Ni mai saurin fushi ne tun ina ƙarami, kuma kunya ce ke fara kawo mini fushin. Wata rana, ina da aure har da 'ya'ya maza biyu, ta ɗauko labarin a gaban baƙi, na ce mata ta bar zancen nan haka, mafarkin ƙuruciya ne, ta daina sa ana yi mana dariya. Ta ce to. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga zancen ba, kuma har yau in na tuna wannan “to” ɗin sai in ji ciwonsa.

Shekaru kaɗan bayan babbar yunwa, mahaifina ya riga ya rasu, yanar ido ta rufe wa Iya idanu duka biyu. Ƙarfinta ma ya soma tafiya. A wannan ranin ne mai ɗakina ta sami ciki na uku. Da hantsi wata rana ina tsakar gida ina ɗinke akumarin jaki, Iya tana gefe tana ɓarar gyaɗa da lalube, sai ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

“In mace ce, da na so a yi wa Inna takwara,” in ji ta. “Amma me za a raɗa wa yarinya a kunne? Ban san sunan ba.”

Inna ita ce mahaifiyarta, haka suke kiran uwa a can. Ta ce duk salla tana roƙa mata gafara, tana cewa “wadda ta haife ni”, ta kuma san Allah ya san ko wace ce. Amma tana so, kafin a kai ta, sunan ya dawo gidan duniya ko a kan jaririya ne. Ta ce wani lokaci takan ji shi ya zo har bakin harshenta, sai ya koma. Ta faɗi wannan ba kuka ba komai, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Ni kuwa na soke yatsa da basilla ban ji ba.

Sana'ata fatauci ne da jakai. Nakan kai saƙi da taba Damagaram, in sauko da kanwa da gishiri, kuma ban taɓa wuce Damagaram ba. Ran kasuwar Maigatari da ta biyo baya ina zaga kara, inda ake cinikin dabbobi, sai idona ya faɗa kan wuyan wani raƙumi. An ɗaura masa wani ɗan dutse da tsirkiyar fata, a naɗe, da layi-layi a bayansa kamar ƙahon rago. Na tsaya cik. Mai raƙumin wani Buzu ne mai gishiri, na gaishe shi na tambaye shi inda ya sami abin. Da 'yar Hausarsa ya gaya mini daga Damargu ne, arewa da Damagaram da 'yan kwanaki, ya ce a can zube suke, awaki na taka su. Na roƙe shi ya ba ni, ya ƙi, wai shi ke tsare masa raƙumi daga baki da ido. Ban matsa masa ba. Na dawo gida ban sayi ko rabin abin da ya kai ni ba, ina tafe ina jin nauyin maganar da na gaya wa uwata a gaban baƙi.

Ban gaya wa Iya ba, don ina tsoron in sa mata rai. Mai ɗakina kaɗai na faɗa wa. Tunanina shi ne, in dutsen ya shiga hannun Iya, watakila ya jawo sauran abin da ya ɓace. Na bi ayari zuwa Damagaram kamar kullum, na sauke kayana, sannan na shiga cikin wasu fataken dabbobi masu wucewa arewa. Ba zan tsaya ba da labarin ƙishirwar hanyar ba, wanda ya bi ta ya sani.

Wani makiyayi ne ya nuna mini wurin. Tudu ne ja mai shimfiɗaɗɗen kai, ruwan damina ya tsattsaga gefensa ya bar kwazazzabai. Na gangara cikin ɗaya, sai ga su. Wasu sun fito rabi daga jikin gaɓa, wasu suna kwance a busasshiyar ƙorama, ƙanana da manya, baƙi-baƙi da masu ruwan ƙasa, ko'ina ka sa ƙafa. Daidai da yadda ta faɗa, ba ƙari ba ragi. Na zauna a ƙasa, ni da gemuna, na yi hawaye, makiyayin yana kallona yana tsammanin kunama ce ta harbe ni.

Na zaga ƙauyuka uku na kusa ina tambayar ko an san wata yarinya da mahara suka ɗauke a zamanin da. Wani dattijo ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ba tudu ɗaya ne ke da irin duwatsun nan ba a ƙasarsu, kuma ba gari ɗaya aka ɗebe wa 'ya'ya ba. Ya nuna mini kufai biyu daga inda muke zaune. Na gane neman dangi ya ƙare, sai dai dutsen.

Wani malami da ke cikin ayarinmu ya juya ɗaya a hannunsa, ya ce saura ne daga ruwan Ɗufana. Shekaru bayan haka, wani Baturen haƙar rijiya da ya sauka garinmu ya ga wanda na kawo, ya sa tafinta ya gaya mini halittar teku ce, wai teku ya taɓa rufe waccan ƙasa duka, kuma irin halittar ya ƙare ƙaf tun kafin a yi mutum, ko ɗaya ba ta rage da rai ba. Ya so in ba shi, na hana. Ni dai ban ga inda maganarsa ta saɓa da ta malamin ba sosai, duka biyun ruwa suka ce.

A wurin zaɓe ne na yi wautata, kuma wautar falke ce. Falke ba ya ɗaukar fasasshen kaya. Idona ya saba, ko tulu ne ko ƙwarya ko kantun gishiri, in ƙwanƙwasa in duba tsaga. Fasassun duwatsun sun fi yawa a wurin, na yi ta ture su da ƙafa ban ko sunkuya na dubi cikinsu ba. Na yini ina nema har na sami ɗaya cikakke, ya kai ƙaramin faifai, layinsa duk a fito, ba inda ya gutsure. Na naɗe shi a rigata ta salla, na rage wa jaki kanwa don ya iya ɗauka. Duk hanyar dawowa ina yaba kaina.

Na iso gida ana ta gyaran gona, hadari ya soma haɗuwa a gabas. Ko ruwa ban sha ba na durƙusa gaban Iya, na kwance rigar, na ɗora mata shi a cinya. Na ce, “Iya, taɓa ki ji.”

Ta sa hannu biyu. Ta bi layin da yatsa, ta zaga naɗin daga baki har cibiya, ta juya shi ta shafa ɗaya gefen. Ta daɗe. Ina kallon fuskarta ina jiran abin da na yi wata guda ina jira. Can ta ce sannu da hanya, Allah ya yi mini albarka, lalle irinsa ne, yana da nauyi kuwa. Sai ta tambaye ni ko jakai sun dawo lafiya.

Shi ke nan. Ba suna, ba komai.

Gari kuwa ya ɗauka. Mata suka yi ta shigowa kallo, waɗanda suka yi ƙifce a bakin rijiya su ne kan gaba wajen cewa su dama sun yarda. Tsohon nan abokin wasan mahaifina ya zo da goro biyu, ya tsuguna daga bakin ƙofa ya ce ta yafe masa, ya ƙara da cewa amma dai har yanzu bai ga ta yi tafiya ba. Iya ta yi dariya ta karɓi goron. An wanke ta daga ƙarya, na ji daɗin wannan. Sai dai ba shi na je nema ba, kuma na lura in mutane sun watse takan ture dutsen gefe ta koma jan tasbaharta. Shirunta ya fi na da. Na gane na ƙara mata ciwo ne, na kawo mata ƙofar gidansu a rufe.

Kamar yadda na saba, baƙin cikina ya juye fushi. Kwana uku dutsen yana gindin rumbu, duk shiga da fita sai na gan shi. Ran na huɗu na ce wa mai ɗakina ta kawar mini da abin nan daga gabana, ba na son in ƙara sa shi a ido. Ban ce ta kai shi ina ba.

A ranar aka yi ruwan shuka, mai yawa. Ya narkar da ɗaya daga cikin surin murhu. Washegari duk muka fita shuka, aka bar mai ɗakina da Iya a gida, ga ta da ciki ya tsufa, ba ta iya zuwa daji saro suri, ga abincin masu gona yana jiranta. Ta duba tsakar gida, ga dutse sukutum wanda maigida ya ce ba ya so. Duk macen ƙasarmu abin da za ta yi ke nan. Ta tura shi ƙarƙashin tukunya ta hura wuta.

Rana ta take tsaka na dawo ɗaukar ƙarin iri. Ina shiga na ji ƙara, ƙwas, tukunya ta karkace, ruwan tuwo ya kashe rabin wutar. Da na ga abin da ke cikin toka, sai na manta ni na ce a kawar da shi. Na soma faɗa, na ce tafiyar wata guda ce ta sa a wuta, na ce abubuwa da dama da ba zan maimaita ba. Ita kuma ba ta da tsoron bakina, ta bari na numfasa sannan ta ce, “Kai ka ce in kawar. A garin nan ina dutse zai je in ba murhu ba?”

Iya tana zaune a inuwar ɗakinta tana jin mu. Ta ce a daina, a kawo mata ta ji abin da ya fashe. Mai ɗakina ta jawo shi da itace, ta bari ya huce, ta goge tokar da gefen zanenta. Ya rabe biyu ne ta tsawonsa, kamar yadda ake raba goro. A lokacin na fara ganin cikinsa. Ɗaki-ɗaki ne, kowane da ɗan bangonsa a lanƙwashe, babba a baki, suna bin naɗin suna ƙanƙancewa har cibiya. Wasu a buɗe, wasu sun cika da wani farin abu mai ƙyalli. Da na sunkuya sau ɗaya a Damargu da na ga wannan.

Aka ɗora mata ɓari ɗaya a cinya. Yatsanta ya faɗa cikin babban ɗakin, ya hau bango ya faɗa na biyu, sai ya tsaya. Na ga bayanta ya miƙe.

“Ai sai an fasa,” in ji ta a hankali. “Haka muke yi. Sai an fasa ake rabon ɗaki.”

Ta mayar da yatsan zuwa ɗakin farko ta ce wannan zaure ne. Na biye na Baba. Muryarta ta sauya, ta koma siririya, Hausarta ta karkata irin ta mutanen arewa, wadda ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce yayarsu ce ke rabo, kowa a ba shi ɗaki gwargwadon girmansa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kiran sunaye, maza da mata, kawunnaina da innonina da ban san an yi su a duniya ba. Da ta kai can ciki inda yatsa ba ya shiga, ta ce nan ne nata, ita ce auta, da tsinke ake nuna mata shi, kullum sai ta yi kuka wai an ba ta ƙarami.

Sai ta komo baya ta tsaya kan ɗaki na uku, ɗaya daga cikin waɗanda suka cika. Ta ce wannan na Inna ne. Ta yi ta murza farin abin da yatsa. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Can sai ta yi 'yar dariya, ta ce goggonsu, ƙanwar ubansu, takan zauna kusa da su tana kaɗi, ita ce ba ta barin matar wanta ta huta da tsiya. Ta maƙale murya ta kwaikwayi goggon: ku ba wance ɗakin da ya toshe, dama ba zaman ɗaki take ba, kullum tana bakin rijiya.

A inda na rubuta “wance”, Iya suna ta faɗa. Ya fito ne a bakin goggon, ba ta san ya fito ba sai da ya wuce. Ta yi sauri ta rufe bakinta da hannu, kunyar 'ya da ta ambaci sunan uwa ta kama ta, tsohuwa da furfura. Sannan hawaye suka zubo ta kan yatsun.

Ni fushi bai gama sakin kunnena ba, ban ji sunan da kyau ba. Na ruɗe, na ce Iya ta maimaita. Ta girgiza kai, hannun yana kan bakin. Tsoro ya kama ni kada ya sake komawa inda ya fito. Mai ɗakina ce ta durƙusa da ƙyar da cikinta, ta kama ɗaya hannun ta ce, “Na ji, Iya. Na riƙe.”

Ranar masu gona ba su ci tuwo ba sai la'asar. Na saro suri da kaina na kafa mata murhu, na kuma ba ta haƙuri a gaban Iya, abin da ban saba ba. Ta ce ta haƙura, amma in na sake tafiya in ɗauko uku, a huta da suri.

Gero yana fitar da kai ta haihu, mace. Ran suna liman ya tambaye ni, na faɗa masa a kunne, ya faɗa wa jama'a, aka shafa fatiha. Ba zan rubuta sunan a nan ba, a gidanmu ba a kiransa. Yadda aka saba, yarinyar da aka yi wa kaka takwara da sunan girmamawa ake kiranta, Iya kuwa tun ranar ta ce Inna, kowa ya bi. Ɓarin dutsen ɗaya yana wurina har yanzu. Ɗayan Iya ta riƙe a ƙarƙashin tabarmarta, da shi aka rene yarinyar, ta yi ta cusa yatsa a ɗakunan tun kafin ta iya zama.

Iya ta ƙara damina biyu a duniya. Ta ji rarrafen yarinyar, ta ji tafiyarta, kullum tana kiranta daga bakin ƙofa, yarinya kuwa sai dai ta zo ko ta ƙi, ba ta iya amsawa ba tukuna. Wata safiya da kaka ina ɗaure dami a tsakar gida, Iya ta fito da lalube ta zauna a rana. Ta ɗaga kai ta ce, “Inna, kina ina?”

Daga bayan rumbu wata 'yar murya ta ce, “Na'am.”

Iya ta juyo da fuskarta wajen da take jin motsina. Ta ce, “Ka ji? Tun ranar da aka ɗauke ni nake kiran nan.”

Na ce na ji, Iya. Yarinyar tana can tana wasanta da ƙasa, ba ta ko taso ba. Iya ta gyara zama, ta jira kaɗan, ta sake kira.